Sauya Fulen Karanshaf: Ƙarin Ƙarfi Ko Cin Bashi?

A ƙasar Amurka, inda motar a-kori-kura take abin hawan manomi da magini da mai neman ado, akwai wata al'ada da ta yaɗu tsakanin masu irin waɗannan motoci. Sukan kwance fulen da ke gaban inji, su ɗaura wani mai girma dabam, da nufin motar ta ƙara ƙarfi. Da yake aikin ba ya buƙatar a buɗe cikin inji, kuma kuɗinsa bai kai na sauran gyare-gyare ba, mutane da yawa suna ɗaukarsa a matsayin riba ta kyauta. Ra'ayin wannan maƙala shi ne babu kyauta a cikin lamarin. Duk ƙarfin da fule ya ƙara wa tayoyi, daga wani sashe na injin aka ranto shi, kuma akwai ranar biya.

Mene ne aikin fule?

Karanshaf shi ne sandar ƙarfe mai lanƙwashe-lanƙwashe da ke mayar da hawa da saukar fistin zuwa juyi. Ƙarshensa na baya yana tura giya da tayoyi. A ƙarshensa na gaba kuwa akwai fule, wato faifan ƙarfe mai kwari inda bel yake zama. Ta wannan bel ne inji yake juya altaneta mai cajin batir, da famfon ruwa mai zagaya ruwa zuwa lagireto, da famfon sitiyari, da na'urar sanyaya mota.

Lissafinsa ɗan aji uku na sakandare zai iya yi. A ɗauka faɗin fulen karanshaf santimita 18 ne, na altaneta kuma santimita 6. Duk juyi ɗaya na karanshaf, altaneta za ta yi uku. Idan inji yana juyi 2,000 a minti ɗaya, ita tana yin 6,000. In aka rage fulen zuwa santimita 15, sai juyinta ya koma 5,000. Ke nan girman fule shi ke yanke saurin duk abin da ke rataye a bel.

Hanya ta farko: rage girman fule

Masu rage fule suna kafa hujja da cewa kayan da bel yake ja suna cin wani kaso na ƙarfin inji, don haka in aka sassauta musu, abin da aka tsimi zai tafi ga tayoyi. Akwai gaskiya a nan, amma sai an auna ta. Altaneta da ke ba da amfiya 100 a kan bolt 14 tana fitar da wat 1,400. Ƙarfin doki ɗaya kuwa kimanin wat 746 ne, saboda haka wutar ba ta kai ta doki biyu ba. Ko an haɗa da abin da ke salwanta a matsayin zafi, dawaki kaɗan ne ake magana a kai, a injin da ke da ɗaruruwa. Bugu da ƙari, abin da altaneta take ja daga inji ya dogara ne mafi yawa a kan wutar da fitilu da batir suke nema, ba a kan saurin juyinta ba. Rage mata sauri ba ya rage buƙatar. Abin da yake haifarwa shi ne, in mota ta tsaya a cunkoso da dare, inji yana juyi 700, altanetar da ta saba yin 2,100 ta koma 1,750, fitilu su dusashe, batir ya riƙa zubewa.

Famfon ruwa ya fi ba da riba, domin ƙarfin da yake ci yana raguwa da sauri ƙwarai in aka sassauta shi. Rage kashi ɗaya cikin shida na juyinsa yana rage cinsa da kimanin kashi 42 cikin 100. Sai dai ruwan da yake turawa ma ya ragu da kashi ɗaya cikin shida. Kusan sulusin makamashin da ke cikin fetur ne kawai yake zama aiki, kuma wani sulusin ta lagireto ake fitar da shi. Wanda ya rage gudun ruwa ya taɓa hanyar da wannan zafi yake bi ya fita.

Hanya ta biyu: ƙara girman fule

Wannan ta shafi injunan da ke da sufacaja, wato na'ura mai cusa iska cikin silinda kamar yadda zuga-zugin maƙeri yake hura wuta. Irin da aka fi sani ya samo asali daga 'yan'uwa biyu, Philander da Francis Roots na jihar Indiyana, waɗanda suka yi rajistar ƙirarsu a 1860, aka yi ta amfani da ita wajen hura tandun narka ƙarfe. Misalin da ya yi suna a cikin a-kori-kura shi ne Ford F-150 SVT Lightning da aka ƙera daga 1999 zuwa 2004. Injinta mai silinda 8 ne, lita 5.4, da sufacaja ta kamfanin Eaton. Ƙarfinsa doki 360 ne da farko, ya koma 380 daga 2001. Masu wannan mota da yawa sun ɗaura mata fulen karanshaf mafi girma don sufacajar ta ƙara juyi.

A nan dole a yarda cewa ƙarfi yana ƙaruwa sosai, domin ƙarin iska yana ba da damar ƙona ƙarin mai. Amma kalmar da ya kamata a lura da ita ita ce mai. Kilo ɗaya na fetur yana buƙatar kimanin kilo 14.7 na iska kafin ya ƙone sarai. In iska ta ƙaru, man bai biyo ta ba, cikin silinda yakan yi zafi fiye da kima. Ita kanta iskar tana ɗaukar zafi in aka matse ta, kamar yadda duk wanda ya taɓa gindin famfon keke bayan ya yi wa taya iska ya sani. Zafi da matsi in suka haɗu, sai ragowar mai ya fashe da kansa kafin harshen wutar fulogi ya iso gare shi. Wannan fashewa ita ce ƙwanƙwasar da kan ci kan fistin, ta karya zobba. Shi ya sa masu yin aikin da ilimi ba sa tsayawa a fule. Sukan sake saita kwamfutar inji, su tabbatar mai yana isa, su inganta na'urar sanyaya iska, su sha fetur mai jure matsi. In aka tara kuɗin waɗannan, arahar da aka gani da farko ta ɓace.

Haɗarin da ido ba ya gani

A yawancin injuna fulen karanshaf yana da aiki na biyu. Inji mai silinda 8 yana tayar da wuta sau 4 a kowane juyi, wato sau 200 a daƙiƙa ɗaya in yana juyi 3,000 a minti. Kowace tashin wuta tana murɗa karanshaf kaɗan, ya saki, ya sake murɗewa. A wani sauri na musamman wannan karkarwa takan yi daidai da yanayin sandar, ta riƙa haɓaka kamar lilon da ake turawa a kan kari. Don kashe ta ne ake yin fulen da zoben ƙarfe mai nauyi, da roba ko ruwa mai kauri a tsakani. Injiniyan Ingila Frederick Lanchester yana cikin waɗanda suka fara magance matsalar a farkon ƙarni na 20. Wanda ya cire wannan ya sa faifan alminiyom mara nauyi, ya cire garkuwar karanshaf. Illar ba ta bayyana a mako ɗaya. Ƙarfe yana gajiya ne sannu a hankali, har ranar da zai tsage. Garin neman gira, an rasa ido.

Wa ya dace da shi?

Mai tseren mita 402, wanda injinsa zai yi aiki na daƙiƙoƙi kaɗan sannan ya huta, yana da hujjar cin wannan bashi, domin ya san abin da ya sayar da abin da ya saya. Haka kuma gaskiya ne masu ƙera motoci sukan bar rara a cikin lissafinsu. Sai dai rarar an bar ta ne saboda ranar lodi mai nauyi, da hawan tudu, da gurɓataccen mai, da tsananin zafi. A-kori-kurar da ke dakon hatsi a Sakkwato ko Maiduguri cikin watan Afrilu, lokacin da zafi yake haura digiri 40, kullum a cikin wannan rara take rayuwa. Manyan motocin dizal kuwa, masu turbo daga cikinsu hayaƙin salansa ne yake juya musu shi, ba bel ba, don haka babu fulen da zai ƙara musu iska. Abin da ya fi amfanar irin waɗannan motoci shi ne wanke lagireto, da sauya matatar iska, da gyaran injekta, da ɗaure bel daidai, domin su ne ke dawo da ƙarfin da ya ɓata ba tare da an taɓa lafiyar inji ba.

Ga malamai, wannan batu darasi ne da ke bakin ƙofa. Keken ɗinki na ƙafa yana da babban fule da ƙarami da bel. Ɗalibai za su iya auna kewayen kowanne da zare, su yi hasashen yawan juyi, su sa alamar alli, su ƙirga su gani. Daga nan malami ya ja hankalinsu ga dokar da James Joule da takwarorinsa suka tabbatar a shekarun 1840, cewa makamashi ba a ƙirƙirarsa, ba a kuma hallaka shi, sauya kama kawai yake yi. Ɗalibin da ya riƙe wannan doka, duk ranar da aka tallata masa ƙarfe mai ƙara ƙarfi, zai tambayi daga ina ƙarfin zai fito, kuma wane sashe na injin zai biya.