Rugu da Baban Rafi: Dajin da Katsina da Maraɗi suka gada tare

Duk wanda ya ambaci Rugu a Katsina yau, abin da ke faɗo wa mai sauraro a rai shi ne 'yan bindiga da kuɗin fansa. Ba a ga laifinsa ba, domin mutanen Safana, Batsari, Ɗanmusa da Jibiya sun ɗanɗana kuɗarsu. Amma a cikin wannan tashin hankali mun manta cewa Rugu daji ne mai itatuwa, kuma itatuwan suna ƙarewa babu mai ƙirga su.

Dajin bai san kan iyaka ba. Ta yamma ya haɗe da dazukan Zamfara. Ta arewa, bayan Jibiya, ga Baban Rafi a yankin Madarumfa na jihar Maraɗi, inda birnin Maraɗi ya daɗe yana samun itacen girki. Makiyayi ya san shimfiɗa ɗaya ce. Ɓarawon daji ma ya sani, shi ya sa in an matsa masa nan sai ya tsallaka can. Hukumomi ne kaɗai ke kallon wurin a matsayin dazuka biyu na ƙasashe biyu.

Wasu sun riga mu warware irin wannan. A Turai akwai tsofaffin dazukan wata bishiya ta ƙasashen sanyi waɗanda gatari bai cika taɓawa ba. A 2007 hukumar UNESCO ta sanya na Yukiren da Sulobakiya cikin kayan gadon duniya, Jamus ta shiga a 2011, kuma zuwa 2021 ƙasashe 18 ne ke kula da su a ƙarƙashin suna ɗaya. In an ce Turai ta yi nisa, Nijar kanta tana da gandun dajin W, wanda a 2017 aka haɗa shi da na Benin da Burkina Faso a matsayin gado guda.

Ba muna cewa a kai Rugu gaban UNESCO gobe ba. Abin koyi shi ne sun gane tsohuwar bishiya ba ta da madadi. Kowace damina ana kiran 'yan jarida bikin dashen itatuwa, a ɗauki hoto, a watse, kafin rani ya tsaya awaki sun gama da rabin dashen. Ko da dukkansu sun rayu, dogon-yaro bai maye gurbin kuka ko tsamiya ko kanya da ta ga kakannin kakanninmu ba. Ƙirya da marke, waɗanda masu gawayi suka fi nema saboda ƙarfin garwashinsu, sai sun yi shekaru masu yawa kafin su kai girman da ake sare su a yini guda. Tsadar gas da kananzir ta mayar da gidajen cikin birnin Katsina kan gawayi. Mu da ke sayen buhun a bakin titi ba ma tambayar daga ina ya fito.

A nan Maraɗi ta fi mu, kuma ba abin kunya ba ne a faɗa. Tun daga shekarun 1980 manomanta suka rungumi sassabin zamani: maimakon a tumɓuke kututture lokacin sharar gona, sai a bar tohon da ya fi ƙarfi, a yi masa aski har ya zama bishiya. Da wannan dabara aka farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, musamman Maraɗi da Damagaram. Ba ta buƙatar kwangila, wataƙila shi ya sa ba ta burge masu kasafin kuɗinmu ba.

Za a ce dangantaka ta yi tsami tun juyin mulkin Yulin 2023 da rufe iyakar da ya biyo baya, kuma Nijar ta fice daga ECOWAS. Gaskiya ne. Amma hukumar haɗin gwiwar Najeriya da Nijar, mai hedikwata a Yamai, tun 1971 take. Yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 ta tsara yadda za a raba ruwan kogin Gada, wanda ke cika madatsar Jibiya kafin ya zama Gulbin Maraɗi. In an iya zama kan ruwa, me ya hana a zauna kan dajin da ke riƙe ƙasar da ruwan ke bi? Balle Katsina da Maraɗi, da har yau sarkin can ake kira Sarkin Katsina.

Za a kuma ce a bari tsaro ya samu tukuna. Ma'aikacin gandun daji ba zai shiga inda soja ke shiga da sulke ba, mun yarda. Sai dai gawayin ba a cikin daji ake sayar da shi ba, kan kwalta yake biyowa, ta gaban shingayen jami'ai.

A 2019 gwamnonin Katsina, Sakkwato da Zamfara sun je Maraɗi sun zauna da gwamnan can kan tsaro. Muna kira ga gwamnatin Katsina ta nemi irin wannan zama kan daji, da hakimai da ardo-ardo da shugabannin masu itace na ɓangarorin biyu a wurin. A fara da abin da za a iya yanzu: a yi amfani da hotunan tauraron ɗan'adam a gano inda tsofaffin itatuwa suka rage, a amince da jerin itatuwan da ba za a sare ba a kowane ɓangare, sannan a kai manoman Jibiya da Batsari gonakin Madarumfa su ga sassabin zamani da idonsu kafin sharar gonar bana.