Tsatsar Jiki Da Ciwon Daji

Wannan watan mun jingine zancen kwalliya, don tallan kafso ya yi yawa a gidajen biki, wai shi antioksidan, wai riga-kafin ciwon daji. To bari mu bi maganar daga tushe.

Kin ga yadda murhu ba ya ci sai da tartsatsi? Haka jikinmu yake. Duk sanda ya ƙona abinci da iskar da muke shaƙa sai 'yan tartsatsi sun fita, su riƙa cin ƙwayoyin halitta kamar yadda tsatsa ke cin kwano. Hayaƙin taba da na itace suna ƙara su. In suka ɓata rubutun gado da ke cikin ƙwayar, tana iya kama hayayyafa ba birki, mafarin sankara ke nan.

Amma Allah bai bar mu haka ba, ya sa mana sinadarai masu gadi. Akwai SOD, wanda McCord da Fridovich suka gano aikinsa a Amurka a 1969, shi ke mai da tartsatsin ya koma haidirojin, irin ruwan nan na wanke ciwo. Sai katales ya karɓa ya mai da shi ruwa da iska. Kumfar nan da kike gani in an zuba wa yaro a rauni, aikin katales ne.

Ga inda gizo ke saƙar. Ƙwayar daji 'yar gida ce, ta san sirrin gida, sai ta tara masu gadin nan su tsare ta. Gashin da ake yi a asibiti da wasu alluran kemo kuwa, da tartsatsin suke kashe ta. Kin ga ashe ba kullum kashe tartsatsi ke zama alheri ba! A 1994 an fitar da sakamakon bincike a ƙasar Finlan kan maza mashaya taba kimanin 29,000. Waɗanda aka ba ƙwayar bita-karotin, sankarar huhu ƙaruwa ta yi a cikinsu da kashi 18 cikin 100.

Ni dai a ganina kuɗin kafson nan gara a kai su cefane: zogale, alayyafo, gwanda, wake, gyaɗar da ba ta yi fumfuna ba. Wadda ke kan magani kar ta haɗiyi komai sai ta nuna wa likita kwalbar. Ke kuma da kika shafa kika ji ƙullutu a mama, don girman Allah gobe da safe sai asibiti.

Sai wata mai zuwa in da rai.