Na'urar mota ta faɗi lamba, amma gano cuta aikin bakanike ne

A ƙarƙashin sitiyarin yawancin motocin da ke bin titunan Kano akwai wata kafa mai ramuka 16 da ake kira OBD-II. Amurka ce ta wajabta ta a motocin 1996 zuwa sama, Turai ta bi sahu a 2001 ga masu shan fetur, sannan a 2004 ga masu shan gas. Ta wannan kafar ƙwaƙwalwar mota take fitar da zafin inji, saurin juyawarsa, da lambobin matsalar da suka kunna fitilar cek injin. Sabon yayi shi ne a soka mata ƙaramar na'ura irin ELM327, ta tura bayanan zuwa waya ta Bluetooth, wayar ta miƙa su ga manhajar kula da gida irin Home Assistant. Daga nan gida zai san batir ya yi sanyi, ya buɗe get idan mota ta ƙaraso, ya sanar da maigida cewa inji ya fara zafi.

Har nan ba a yi ɓarna ba. Ɓarnar tana cikin maganar da ake sayar da na'urar da ita a shagunan kayan waya tsakanin Bata da kasuwar Sabon Gari, wai kwamfuta ba ta ƙarya, don haka mai mota ya huta da kanikawa. Maganar ta samu shiga wajen 'yan boko masu mota, kuma tana jawo musu asarar kuɗi.

Lambar matsala alama ce kawai. P0300 na nufin wuta tana tsallake a silinda daban-daban. Fulogi na iya jawo haka, ko kwil, ko nozul da ya toshe, ko famfon mai da ya gaji, ko kuma man da aka sha a hanya. Duk wanda ya tuna gurɓataccen fetur mai yawan sinadarin methanol da ya shigo ƙasar nan a Fabrairun 2022 ya san lafiyayyar mota na iya yin ciwo daga tanki. P0171 na cewa iska ta fi mai yawa, amma ba ta nuna tiyon da ya tsage ba. Wannan sai wanda ya buɗe bonet, ya kasa kunne, ya zare fulogi ya dubi launin bakinsa. Mai mota da wayarsa ta nuna masa lamba yakan nufi Ƙofar Ruwa ya sayo sansa, a ɗaura, fitila ta sake kamawa bayan kwana biyu, ya koma ya sayo wani abin.

Lamba P0420 kuwa labarinta daban ne a Kano. Tana cewa matatar hayaƙin da ke cikin salansa, wadda 'yan gareji ke kira indomi, ba ta aiki yadda ya kamata. To, motoci nawa ne 'yan Kwatano da aka riga aka fasa salansarsu aka kwashe indomin saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinsa, tun kafin su shiga hannun mai saye? Irin wannan motar za ta yi ta aika ƙorafi ɗaya gida safe da yamma, har maigida ya daina dubawa, ranar da matsalar gaske ta zo ta wuce shi. Ga kuma dillalan da ke goge lambobi da wannan na'urar kafin mai saye ya iso, wasu ma su liƙe fitilar ta bayan dashbod. Abin takaici ne matuƙa. Na'urar ba ta yi ƙarya ba, amma an yi ƙarya da ita, kuma sai wanda ya iya duba ko gwaje-gwajen cikin ƙwaƙwalwar sun kammala ne zai gane an goge.

Masu cewa ai a Turai tsarin yana aiki, su je Turai su yi. Gidan da zai karɓi saƙon mota yana buƙatar wuta da intanet dare da rana. A Fagge, inda ake jiran wutar KEDCO ana lissafin kuɗin man janareto tun bayan cire tallafi a Mayun 2023, wannan na masu sola da inbata ne kaɗai. Rami na 16 a kafar kuma yana ɗauke da wutar batir ko an kashe mota, don haka na'ura mai arha da aka bari a soke tana iya tsotse batir idan mota ta daɗe a ajiye.

Sannan akwai tsaro. Tsarin da ya san lokacin fitar maigida da dawowarsa, kuma yake buɗe get da kansa, bayani ne da ɓarawo zai so. Yawancin na'urorin Bluetooth masu arha lambar sirrinsu 1234 ce ko 0000. Kutse cikin mota kuma ba tatsuniya ba ce: a 2015 masu binciken tsaro Charlie Miller da Chris Valasek sun sarrafa motar Jeep Cherokee daga nesa ta intanet, har kamfanin da ya ƙera ta ya janye motoci miliyan 1.4 don gyara.

Tushen wannan yayi tsohon raini ne da ake yi wa mai aikin hannu. An saba kiran bakanike jahili da macuci, ana mantawa da yaron da ya yi shekaru a ƙarƙashin mota kafin ubangidansa ya yaye shi. Akwai macuta a gareji, kamar yadda suke a ofis. Amma kanikawa da 'yan rewaya da dama a Sabon Gari sun daɗe da sayen na'urar sikanin da kuɗinsu, suna haɗa lamba da abin da ido ya gani da abin da kunne ya ji. Abin da suka rasa shi ne horo a kan zanen wayoyin sababbin motoci da bayanan gyara da kamfanoni ke riƙewa. A jihar Massachusetts ta Amurka sai da jama'a suka kaɗa ƙuri'a a 2012, suka sake a 2020, don tilasta wa kamfanonin mota buɗe waɗannan bayanan ga gareji masu zaman kansu. Nan ne ya kamata hukumar NADDC mai kula da harkar ƙera motoci da ƙungiyoyin kanikawan Kano su sa ƙarfinsu.