Wasiƙa a Buɗe ga Malaman Sifaniyanci Kan Koyar da Abin da Aka Saba Yi a Da



Maƙasudin wannan wasiƙa shi ne jan hankalin malamai ga wata gurguwar ƙa'ida da ta samu gindin zama a azuzuwa, wadda ke cewa wai pretérito imperfecto na dogon aiki ne, pretérito indefinido kuma na gajere. Imperfecto shi ne sigar aikatau da ake amfani da ita wajen faɗin abin da aka saba yi a da, kuma gininsa ba ya ba ɗalibi wahala, tunda ɗafa-ƙeyarsa iri biyu ce, -aba da -ía, sannan aikatau uku kacal suka kauce wa tsarin, wato ser da ir da ver, waɗanda ke komawa era da iba da veía.

Inda gizo ke saƙar shi ne wajen zaɓi tsakanin imperfecto da indefinido, domin abin da ake dubawa shi ne ko mai magana ya shata wa aikin iyaka ko ya bar shi a buɗe. Ana cewa vivió diez años en Sevilla, wato ya zauna shekara 10 a Sebiya, da indefinido duk da tsawon zaman, saboda an rufe shi da adadi. Haka ma fui cinco veces, na je sau 5, ko da yake an maimaita zuwan. Amma iba todos los domingos, nakan je kowace Lahadi, ba a faɗi ranar da aka daina ba. Wannan ne ya sa masanin nahawu Andrés Bello, a littafin nahawunsa na 1847, ya kira imperfecto da sunan copretérito, wato mai gudana tare da wani lokaci da ya shuɗe.

Jerin kalmomin da ake sa ɗalibai su haddace a matsayin alamar imperfecto, irin su siempre, kullum, yana cutar da su ƙwarai, domin siempre fue generoso, ya kasance mai kyauta duk rayuwarsa, jimla ce ingantacciya da indefinido.

Malamin da ke da ɗalibai Hausawa kuwa ya fi kowa sa'a, domin lokaci sabau na Hausa, kamar a "da can yakan je", ya yi daidai da iba ko solía ir, inda aikatau soler ke nufin sabawa. Sai dai ya wajaba ya faɗakar da su cewa imperfecto ya haɗa har da "yana tafiya" a cikin labari, kuma siga ɗaya irin cantaba na iya nufin nakan rera waƙa ko yakan rera waƙa, don haka sai an ambaci wakilin suna duk inda ake tsoron ruɗani.