Hoton Waƙar "This Is Nigeria" a Ma'aunin Stuart Hall

Gabatarwa

A watan Mayu na shekarar 2018 mawaƙin nan Folarin Falana, wanda aka fi sani da Falz, ya fitar da hoton bidiyo na waƙarsa "This Is Nigeria". Ya ari tsarinsa ne daga "This Is America" ta Childish Gambino, wadda ta fito a Amurka a farkon wannan watan. Ba da jimawa ba sai ƙura ta tashi. Ƙungiyar MURIC ta ba shi wa'adin kwana bakwai ya janye hoton, sa'an nan a watan Agusta hukumar NBC ta hana sa waƙar a gidajen rediyo. Wannan maƙala tana ganin cewa ba a fahimtar wannan rikici sai an amsa tambaya guda: shin wa ke da ikon ma'anar hoto, mai yinsa ko mai kallonsa?

Ra'in Hall

A shekarar 1973 Stuart Hall, masani ɗan asalin Jamaika da ke Jami'ar Birmingham a Ingila, ya nuna cewa saƙon talabijin ba ya isa ga mai kallo kamar yadda ruwa ke bin kwararo. Mai shiryawa ƙulla ma'ana yake yi da alamomi, mai kallo kuwa ya kwance ta da abin da al'adarsa da matsayinsa suka koya masa. Daga nan ake samun karatu iri uku: na amincewa, na sasantawa, da na adawa.

Nazari

Yawancin alamomin hoton ba su jawo gardama ba. Matasa masu shan kodin, da cin zalin 'yan sandan SARS, da labarin macijin da aka ce ya haɗiye Naira miliyan 36 a ofishin JAMB na Makurɗi, duk abubuwa ne da Bahaushe da Bayarabe da Ibo suka san su a 2018. A nan ƙulli da kwancewa sun dace.

Inda aka rabu shi ne kan 'yan mata masu hijabi da ke rawar shaku-shaku a bayan mawaƙin. Falz ya ce yana tunatarwa ne da 'yan matan Chibok da aka sace a 2014. Mai karatun amincewa ya ga haka. Mai karatun adawa kuwa ya ga an ɗauki suturar kamun kai an kai ta dandali. Asalin matsalar yana cikin aron da aka yi. A hoton Gambino 'yan makaranta ne ke rawa alhali ana ta'asa a bayansu, watau nishaɗi yana kawar da ido daga bala'i. Da aka musanya kayan makaranta da hijabi, sai aka ɗora wa rawar nauyin addini wanda babu shi a asali.

Haka nan mutumin da ya fito cikin shigar Fulani ya sare wani da adda. Mai karatun sasantawa zai yarda cewa kashe-kashen makiyaya da manoma gaskiya ne, amma ya ƙi yarda a mai da suturar al'umma guda tambarin kisa.

Kammalawa

Masu iya magana sun ce magana zarar bunu ce. Haka ma hoto: in ya fita, niyyar mai shi ba ta iya bin sa gida-gida tana fassara. Saboda haka kyakkyawar niyyar Falz ba ta wanke shi daga sakaci wajen zaɓen alama ba. Amma hana waƙar ma kuskure ne, domin hukuma ta toshe bakin mai suka, ta bar laifuffukan da ya ambata suna nan daram.

Darasin da ke nan ga ɗaliban Hausa a fili yake. An daɗe ana nazarin jigo da salo a waƙoƙin Shata da Ɗan Maraya Jos, alhali yau matasa da ido suke sauraron waƙa. Lokaci ya yi da sutura da rawa da motsin kyamara za su shiga cikin nazarin waƙa, kamar yadda amsa-amo da kari suka shiga.