Bashin da Birni Ke Ci a Hannun Gona

Kowane buhun gero ko dawa da aka sauke a kasuwannin Wagadugu, wani yanki ne na ƙarfin ƙasar ƙauye ya shigo birni. Haka damin harawar da muke saya wa ragunan layya, haka itacen girki. Mu mazauna Larle da sauran 'yan Zango mun iya karɓa, amma me muke mayarwa?

Gona ba ta bayar da kyauta, rance take bayarwa. Abin da shuka ta zuƙa ta yi zangarniya, in ba a biya shi da taki ba, baɗi sai amfani ya ragu, har ƙasa ta koma fako. Magabata sun san haka. Sukan bar gona ta huta shekaru, sukan sauki Fulani da shanunsu bayan girbi, kuma ba sa saran gawo. A Kano kuwa, jakuna ne ke fitar da toka da kashin dabbobi cikin mangala zuwa gonakin karkara, shi ya sa aka daɗe ana nomansu kowace damina ba su mutu ba.

Yau jama'a ta yawaita, hutun gona ya ƙare, kara ma kwashe shi ake yi. A 2006 shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja cewa za a kai kilo 50 na takin zamani a kowace hekta kafin 2015. Ƙasashe ƙalilan ne suka cika. Ko ya samu, takin buhu ba ya riƙe ruwa a ƙasar da ta zama rairayi.

Marigayi Yakuba Sawadogo na Gurga, kusa da Wahiguya, ya nuna hanya. Ramukan zai da ya riƙa tonawa da rani yana zuba musu taki, gara na buɗe wa ruwa hanya, su suka mayar da fako daji, har ya sami lambar yabo ta duniya a 2018.

Namu aikin bai kai nasa wuya ba. Mu daina zuba toka da kashin tumaki a kwata, mu raba su da leda, mu tara su unguwa-unguwa domin masu lambun Tangin da manoman da ke kawo mana hatsi. Kowa ya ci ladan kuturu, sai ya yi masa aski. Ƙasa amana ce, kuma za a tambaye mu. Allah ya ba mu damina mai albarka.