Infakul Maisuri da Wasiƙun Shehun Barno

Mutanen Bauchi mazauna Ikko da Badun ba sa gajiya da kirarin Sarki Yakubu, wanda ya tare rundunar Shehu Laminu na Barno a 1827 ya mai da ita baya. Lalle abin alfahari ne, amma rabin labarin ke nan. Tun 1812 Muhammadu Bello ya kammala Infakul Maisuri, tarihin jihadin da shi kansa ya yi yaƙinsa. Darajar littafin ita ce Bello bai ɓoye wasiƙun Laminu masu sukar jihadin ba: ya kawo su, sa'an nan ya ba da amsa. Ya kamata makarantun dare na unguwannin Sabo su karanta wa yara wasiƙun ɓangarorin biyu.